Kwalabe Huɗu a Jakar Doguwa

Likita bai ɗaga murya ba, tambayoyi uku kawai ya yi wa Yaya. Me ƙanwarta take sha, da me take haɗawa, kuma tun yaushe? Ya ce sai ya san wannan zai san yadda zai ɓullo wa jinyar. Auta tana kwance da robar ƙarin ruwa a hannu, leɓɓanta sun bushe sun tsage, duk wanda ya yi mata magana sai ta juya fuska bango.

Yaya ta ce ba ta sani ba. Amma ta san wadda ta sani.

A cikin motar haya ta zauna ta takure, tana ta tuhumar kanta. Ita ta raini Auta tun rasuwar mahaifiyarsu, ita ta koya mata taka keken ɗinki tun ƙafarta ba ta kai ba, kuma ita ɗin ce dai ta jawo musu masifar. Bara wata doguwar yarinya da ake ce wa Doguwa ta shigo shagon ɗinkinta neman aiki, da almakashinta a jaka. Ta yi kalmasar gwaji a kan ƙyalle, Yaya ta duba ta ce gobe ki fara. Da hannunta ta ja mata kujera kusa da keken Auta.

Kafin zuwan Doguwa, Auta ba ta da ƙawa ko ɗaya. Shiru-shiru ce, mai yawan gyangyaɗi a kan keke, har Yaya ta laƙaba mata sarauniyar barci. Ɗinkinta kullum a karkace, sai an warware an sake. In amare sun zo awo sukan tsokane ta, su ce saura naki, Auta. Yaya ta karɓe: "Wannan? Duk wanda ya yi sallama da ita sai ta ce kansa ya yi girma. Ni dai na ajiye yadin, ko da sanda zan aurar da ita." A yi dariya, Auta ma ta yi, sannan ta tashi ta shiga banɗaki ta daɗe.

Makonni biyu da fara aikin Doguwa, Auta ta kwanta da amai da zufa da ciwon gaɓɓai. Aka ce zazzaɓi ne. Yanzu da Yaya take tunawa, sai ta ga a nan ne aka fara ɗura wa yarinyar guba, ita kuwa tana can tana yaba Doguwa da iya jinya.

Bayan ta tashi suka zama kamar zare da allura. Kwano ɗaya suke ci, waƙa ɗaya suke ji a waya, kowa da abin ji ɗaya a kunne. Doguwa ce ke zura mata zare, ita ke raka ta gida. Auta ta yi kumatu, ɗinkinta ya miƙe, Yaya ta ce gyaran da aka yi wa keken ne ya yi kyau.

Sai ranar da tef ɗin awo ya ɓace. Yaya ta laluba ko'ina, ta kai ga jakar Doguwa. Kwalaben maganin tari huɗu ne a ciki, naɗe a ƙyalle, ko murfinsu ba a fasa ba. Ta jera su a kan teburin yanka a gaban masu kawo ɗinki.

"Na wane ne?"

Doguwa ta dubi Auta. Auta ta dubi ƙasa.

"Nawa ne, Yaya," in ji Doguwa.

Ko guga Yaya ba ta bari ta ƙarasa ba. Ta watsa mata almakashinta waje, ta karɓe wayar Auta ta goge lambar, ta ce in ta sake ganin inuwarta a layin sai ta tara mata jama'a. Ranar har alfahari ta yi, ta ce Allah ya tona asiri da wuri. Wata huɗu bayan nan, da rana tsaka, ta tarar da Auta a ɗakin ajiyar yadi, kwance tsakanin bandura, kumfa a bakinta.

Shagon wanki da gugar da Doguwa ta koma ƙarami ne, cike da tururi da ƙamshin sitati. Ta rame. Tana goge wuyan wata farar riga Yaya ta tsaya a ƙofa.

"Auta tana asibiti."

Doguwa ta ajiye dutsen guga a kan rigar, sai da mai shagon ya yi tsawa ta ɗauke.

"Tana numfashi?"

"Da saura. Likita yana son sanin abin da kika koya mata."

Doguwa ba ta musa ba. Ta yagi takardar da ake liƙa wa kaya, ta rubuta sunan maganin, da ƙwayoyi iri biyu, da yawan da ake sha a yini. Ba ta ko tsaya tunani ba.

"Ashe kin haddace, malama," in ji Yaya. Ta fizge takardar, idonta ya sauka a layin ƙarshe. "Shekara uku kuma? Ke da kika zo bara?"

Doguwa ta riga ta ɗauko mayafinta tana neman takalmi.

"Samun ta na yi tana sha, Yaya. Ta ce shi ke sa ta iya taya ku dariya in an ce saura nata, don ta san ba namiji zuciyarta take so ba, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa. Ni ta gaya min. Muka yi alkawari, duk ranar da ta kasa daurewa ta sayo, ta kawo min ba ta buɗe ba, in riƙe hannunta har abin ya sake ta. Ranar da kika kore ni, watanta bakwai ke nan ba ta sha ko ɗigo ba."