Gemun Malam da Jakin Ɗan Guguwa

Mai aski ya wasa aska, ya gwada kaifinta a gashin hannunsa, ya ajiye ta kusa da ƙunshin da ba a buɗe ba tukuna. Malam Taswira na zaune kan kujerar aski da ƙyalle a wuya, gemunsa na shekara talatin kwance a kai. Shi ya ce a ɗaura masa ƙyallen, wai kada a ce ya ji tsoro.

Duk wannan a kan jaki ne, jakin da ko ciyawar duniya bai taɓa ci ba.

Shekara tara ke nan mutum bakwai suna haɗuwa a shagon nan kowace Asabar da la'asar, suna tattauna littafi ɗaya tal: labarin matsafi Ɗan Guguwa da tafiyarsa ta kwana sittin daga Dutsen Toka zuwa Birnin Madubi. Kwafi ɗaya gare su, tsoho, wanda gara ta cinye gefensa. Ƙanin Malam, mai sana'ar ɗinkin littattafai, shi ya gyara musu shi tun farko, ya datse inda ya lalace, ya yi masa bango. Ba ya fashin zama, amma idan gardama ta kaure ko tari ba ya yi.

Ga abin gardamar. A rana ta arba'in jakin matsafin ya mutu, ya binne shi, ya yi kuka har shafi biyu. Ana juya shafi, sai ga shi bisa wannan jakin dai, mai yankakken kunne, yana ƙetare Kogin Gishiri a rana ta ashirin da biyu. Mai aski ya ce jakunan tagwaye ne. Wani ya ce mafarki ne. Malam kuwa, wanda ya koyar da labarin ƙasa har ya yi ritaya, ya zana taswira a bangon shagon, ya auna tafiyar jaki da zare, ya yanke hukunci: duk sa'ad da baƙin ciki ya ci ƙarfin Ɗan Guguwa, baya yake komawa cikin kwanaki. Ya cika littafin rubutu bakwai da hujjoji. Tun rasuwar matarsa, wannan ne kaɗai abin da ke fitar da shi daga gida.

Wata Asabar Nas, ƙanwar mai aski, ta biyo kawo wa yayanta mabuɗi, ta tarar ana ta cacar baki. Ta yi dariya, ta ce ai ta karanta littafin a makaranta, jakin sau ɗaya ya mutu, kuma bai tashi ba. Ba ta san ta taɓo gyambo ba.

Malam ya miƙe, ya kama gemunsa. "'Yata, nemo wani kwafin. In ya saɓa da namu, yayanki ya aske wannan tas, ni kuma in ƙona littattafaina bakwai a ƙofar nan."

Aka yi ta ba shi baki, ya ƙi. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Nas ta sa wata ƙawarta ta binciko littafin ta aiko a mota. Ranar Laraba ya iso tasha. Ƙanin Malam ya ce shagonsa ya fi kusa, shi zai karɓo, ya adana har Asabar don kada wani ya leƙa.

To, yau ga Asabar. Mai aski ya kwance ƙunshin, ya miƙa wa Nas. Littafin na ƙanshin gam kamar sabo. Ta juya shi, ta ce ita a tunaninta ya fi haka tsawo, kuma ba ta ga lambar shafi ba. Malam ya ce nasu ma babu, marubucin da ya san lokaci ba a jere yake ba me zai yi da lamba? Ya faɗa da ƙarfi. Amma tsoro yake ji, kowa ya gani.

Nas ta lalubo rana ta arba'in, ta karanta a fili. Jaki ya faɗi, aka haƙa rami, matsafi ya yi kukansa. Ta lashi yatsa, ta juya shafi. Mai aski ya ɗauki aska.

Sannan ta karanta: Ɗan Guguwa bisa jakinsa mai yankakken kunne, ruwa har ciki, rana ta ashirin da biyu.

Ta koma baya, ta sake karantawa, ta rufe littafin, ta ce: "Baba, ka yafe mini. Ashe ni na manta."

Malam ya kwance ƙyallen a hankali, ya share idonsa da shi. "Ba komai, 'yata. Wanda ya binne abin da yake so, dole ya nemi hanyar komawa."

Mai aski ya naɗe askarsa, ya ce wannan dai bai kore maganar tagwaye ba. Kafin ka ce kwabo gardama ta dawo sabuwa, Malam a gaban taswira da zarensa, muryarsa ta fi ta kowa.

Ƙanin Malam ya sulale waje, hannu cikin aljihu saboda yankan da ke babban yatsansa. A shagonsa ya ɗauki tsintsiya, ya share siraran takardun da ya datse daga gindin sabon littafin, kowace da lambarta, ya zuba a kwando. Shekara tara da suka wuce, kuskure ne ya sa ya ɗinka tsakiyar tsohon littafin a juye. Wannan karon kwana biyu ya yi yana warware sabon, yana maimaita kuskuren shafi bayan shafi.