Kwali Shuɗi da Kwali Fari

Shekara goma sha ɗaya Nabawiyya tana ba mijinta magani da hannunta, ba ta taɓa tsallake ko kwana ɗaya ba. Mijin nata, Usta Rizk, wato Oga Rizk, tsohon direban bas ne a garin Tanta, ga ciwon sukari, ga hawan jini. Ita ba ta yi karatu ba, amma ta san kwalayen kamar 'ya'yan da ta haifa. Shuɗi na sukari ne, an ja masa zane biyu da biro, safe da yamma ke nan. Ja na hawan jini, zane ɗaya.

Ranar karɓar maganin wata a asibitin inshora, tun da hantsi take cikin layi, sai kusan azahar ta kai taga. Aka miƙo mata leda, ta buɗe a nan take. Ga ja, amma babu shuɗi. Sai wani farin kwali da ba ta taɓa gani ba, shi ma da zane biyu.

"Ɗana, ina shuɗin?"

Ma'aikacin ko ɗago kai bai yi ba. "Abin da ke takarda shi na ba ki, Hajiya."

"To wannan farin na mene ne?"

"Sau biyu a rana, ga zane nan. Na gaba!"

Wata daga baya ta ce, "Hajiya, a nan za ki kwana ne? Mu ma da namu marasa lafiyar!"

Ta fito hankalinta bai kwanta ba. A cikin mota ta buɗe ledar, ta rufe, ta sake buɗewa. Daga ƙarshe ta yanke cewa likita ne ya ƙara sabon magani, su kuma suka manta da shuɗin. Sai ta yi abin da kowa ke yi a unguwarsu: ta ɗauki tsohon kwalin da ya ƙare, ta kai kantin magani na bakin titi, ta ce a ba ta irinsa. Aka ba ta. Ba wanda ya tambaye ta komai.

Ta shiga ba shi fari da shuɗi, safe da yamma.

A kwana na uku Usta Rizk ya fara gumi, hannu na rawa. Ya kasa zama, daga taga sai bakin ƙofa.

"Nabawiyya, don Allah zuba min sukari a shayin nan. Ko cokali ɗaya."

"Cokali ɗaya a ina? Ciwon ne ya tashi, shi ya sa kake kwaɗayi. Mutuwa kake so ka yi ka bar ni da wa?"

"Shekara arba'in kina mulkina. Ko shugaban tasha bai gana min azabar da kike gana min ba."

"Shi ai ba ya son ka. Sha shayinka."

Ta ɗauke gwangwanin sukari ta ɗora can saman kabad.

A rana ta biyar ta fita sayo burodi da wake na karin kumallo. Ta dawo ta same shi kwance a ƙasa gaban kabad, kujera ta kife a gefensa.

A asibiti wata likita ta ce a kawo duk maganin da yake sha. Ta jera kwalayen biyu, ta daɗe tana dubawa.

"Mama, waɗannan ai magani ɗaya ne, kamfani ne kawai ya bambanta. Ninki biyu yake sha, sukarinsa ya faɗi warwas. Bai nemi wani abu mai zaƙi ba?"

Nabawiyya ta tuna gwangwanin sukarin da ta ɗora a saman kabad.

Usta Rizk ya farfaɗo bayan kwana uku, amma baki ya tafi, hannun dama ma ya tafi. Likitar ce ta gaya mata cewa a asibitin inshorar nan akwai ɗaki a hawa na biyu, inda masanin magunguna ke zama da masu daɗaɗɗen ciwo, ya zazzage ledarsu, ya bi kwali ɗaya bayan ɗaya. Haƙƙinsu ne, yana cikin inshorar. Shekara goma sha ɗaya tana wucewa ta ƙarƙashin ɗakin nan!

Washegari ta faɗa ofishin manajan asibitin inshorar ba sallama, ta juye ledar a kan teburinsa.

"Wa ya canza kwalin mijina bai gaya min ba?"

"Yi haƙuri, Hajiya, zauna. Sanarwar ɗakin tana nan manne a bango kusa da taga."

"Ni bango yana min magana ne? Yaron da kuka ajiye a tagar, ɗinke masa baki aka yi? Na tambaye shi! Sau biyu na tambaye shi! 'Wannan ne madadin shuɗin.' Faɗin haka zai kashe shi?"

"Ki rubuto ƙorafi, za mu duba."

An rubuta mata, ta dangwala yatsa. Wata huɗu ke nan suna dubawa. Ita kuwa ba ta zauna ba. Duk ranar karɓar magani tana bakin layi, tana jan hannun tsofaffi. "Buɗe ledarki. An canza miki kwali? Hau sama, hawa na biyu, kar ki sauko sai sun yi miki bayani." Sau uku mai gadi yana fitar da ita, sau uku tana dawowa.

Gwangwanin sukarin yanzu yana kan tebur kusa da gadon Usta Rizk. Babu bakin da zai nema.

Jama'a, ku ji da kyau: in kwali ya canza, kada ku yi zato, kada ku saya ku ƙara. Ku kwashi maganin duka ku kai wa masani ya duba, kuma kada ku matsa daga gabansa sai kun gane. Ku kuma masu zama a bayan taga, miƙa leda ba shi ne aikin ba. Wanda bai iya karanta bango ba, ku buɗe baki ku gaya masa.