Ƙusar Bayan Ƙofa

Da safiyar ranar farko ta sabuwar shekara Auta ya fasa madubin babur ɗin babansa da ƙwallo. Uwar na tsaye da tsintsiya a hannu maigidan ya fito, ya dubi gutsattsarin gilashin, ya dubi yaron.

"Biyo ni ɗaki," ya ce, muryarsa can ƙasa.

Uwar ta san abin da ke rataye a ƙusar bayan ƙofar nan: bulalar da ta kori babban ɗansu daga gidan nan bara, har yau bai waiwayo ba.

"Baban yara, don girman Allah, yau ɗaya dai..."

Ya rufe ƙofar. Ta kasa kunne tana jiran ihu, amma shiru kake ji, irin shirun da ya fi ihu ban tsoro. Da haƙurinta ya ƙare ta banka ƙofar.

Auta na zaune a wuyan ubansa, yana rataya sabuwar kalanda a ƙusar. Bulalar tana ƙasa, an datsa ta gunduwa-gunduwa.

"Ta karkace, ɗan gyara ta," in ji maigidan, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya juyo ya dubi matarsa. "Kira mini yayansa a waya."