Ajiya a Gindin Randa

"Yumma, manhajar ajiyar kuɗin ta ce a rubuta kalmomin sirrin nan a takarda, kada a ɗauki hotonsu," in ji 'yarta tana duban kwamfuta. "In na'urar ta ɓata, su za su dawo mana da kuɗinmu. In wani ya gan su kuwa, ya kwashe."

Tsohuwar ta dubi na'urar da ke jone da kwamfutar. Ba ta fi yatsa ba, amma duk abin da yaƙi ya bar musu yana cikinta. Takarda kuma? A ɗakin hayarsu na unguwar Hajj Yusuf da ko sakata babu?

"Karanto mini su, ɗaya-ɗaya."

Ba ta jin Turanci, amma ta san hadda tun ƙuruciya. Ta lumshe ido, a zuci ta tura ƙofar tsohon gidansu na Omdurman. Ta ajiye kalmar farko a zaure, ta biyu a gindin randa, ta uku a kan gadon da marigayi maigidanta ke kishingiɗa bayan la'asar. Haka har suka ƙare.

Kullum da asuba sai ta lumshe ido ta zaga ajiyarta.

"Yumma, gidan nan fa ya ƙone ƙurmus."

"Shi ya sa, 'yar nan. Wane ɓarawo zai haura katangar da babu?"