Na Rufe Fuska, Na Manta Murya

"Wa ya koya maka ɓuya?" in ji Mama a waya.

Jiya na jagoranci gangamin neman 'yancin auren jinsi a Tokyo, da takunkumi da baƙin tabarau, don kada ta gane ni a talabijin. To, ta yaya aka yi?

"Shashasha! Shekara ashirin kana sa murya a finafinan katun, kana shirya wasan daɓe daga bayan labule. Wa ya san fuskarka? Kana ɗaukar lasifika mai awarar unguwarmu ta ce, 'Ga ɗanki.'"

Ta ci gaba.

"Na ji ka a bakin dodo, na ji ka a bakin jarumi. Naka bakin, sai jiya. Mutumin nan da ya riƙe hannunka, yana cin kifi? Ka kawo shi gida in dafa muku."