Kujerar Bakin Ƙofa

Rigar zuwa neman aikin ta fara gajiya da shi. Wuyanta ya koɗe, maɓallin tsakiya kuma baƙo ne, daga rigar makarantar 'yarsa matarsa ta ciro shi.

Tun da aka rufe kamfanin kwalin da yake kula wa da sito, babu ofishin da bai ɗumama bencinsa ba. A unguwa an ma manta sunansa, sai Za-a-Kira, don duk ranar da ya dawo amsarsa ke nan. Da safen nan matarsa ta miƙo masa rigar ta ce, "Baban yara, yau in ba a kira ba, ni zan kira yayana ya zo ya kwashe mu." Cikin sanyin murya ta faɗa, shi ya sa abin ya tsorata shi.

Wani kamfanin rarraba kaya ne ke neman mai kula da sito guda ɗaya, amma ɗakin jira ya cika maƙil, kowa rungume da fayil. Za-a-Kira ya samu wuri kusa da wani dattijo da ke zaune a kujerar bakin ƙofa, da ɗan matashi a bayansa da wani siririn fayil da ya sha hannu. Da zafi ya fara damun mutane, dattijon ya zura hannu bayan kabad ya kunna fanka, ko dubawa bai yi ba.

Sai ya juya ga wani saurayi mai lakataye, ya yi ƙasa da murya yadda kowa zai ji. "Ai an riga an ba ɗan ƙanwar manaja. Mu cika ɗaki kawai muka zo yi."

Saurayin ya duba agogo, ya tuna yana da wani uzuri. Dattijo ya ƙara da cewa albashin ma sai wata ya yi nisa ake ganinsa. Wasu mata biyu suka ɗauki jakunkunansu.

Za-a-Kira ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ya san wannan wasan, shi ma da shi yake rage abokan takara a wasu ofisoshin. A ransa ya ce, Baba, yau ka gamu da ɗan gida. Ya gyara zama ya sa baki. Ya ce ya ji wanda ya bar aikin ciwon baya ne ya kwantar da shi, don a nan mai kula da sito shi ne ɗan dako. Ya ce manajan ba ya ba da hutu ko matarka ce a kan gwiwa. Dattijo yana jefawa, shi yana cafewa. Lokaci-lokaci sakatariya ta leƙo, ta dubi kujerun da suka zama fanko, ta koma.

Kafin rana ta take, su biyu suka rage.

"Ɗana," in ji dattijon, "ga ka da sauran ƙarfinka, me za ka tsinta a wannan wuri?"

"Ni ai kallo na zo, Baba. Na san warin kamfanin da zai mutu."

Ya nuna masa sama, inda aka cire ƙwan lantarki ɗaya aka bar ɗaya. Ya nuna robar ruwan sha da ta bushe ƙayau, da zagayen fari a bango inda agogo ya taɓa zama. Ta taga kuma ga wata motar kaya an ɗora ta a kan bulo, babu taya.

"Haka namu ya fara," ya ce. "Ƙwan lantarki, sai ruwan sha, sai mutane. Rana ɗaya muka zo muka tarar da kwaɗo a ƙofa." Wannan kam ba ƙarya ba ce.

Dattijo ya ɗaga kai ya ƙura wa ƙwan lantarkin ido kamar yau ya fara ganinsa. "Har da waɗanda suka daɗe a ciki?"

"Da su ake farawa. Ni da ni ne kai, da na garzaya kamfanin lemo na bayan layi. Masu gadi suke ɗauka yau, kuma mai furfura suke so."

Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Dattijon ya share gumi. Sai ya tattara fayil ɗinsa, ya zare matashin, ya laluba ƙarƙashin kujera ya ciro wani kofin shayi, ya fice ko sallama babu. Za-a-Kira ya ɗan ji tausayinsa, amma da ya tuno fuskar yayan matarsa sai tausayin ya wuce.

Sakatariya ta leƙo. Ta dubi kujerar bakin ƙofa, ta dube shi, ta koma ciki. Ta ɗan jima kafin ta dawo ta ce ya shigo.

Manajan bai ko taɓa fayil ɗinsa ba. Ya ƙwanƙwasa bangon da ke bayansa. "Katako ne, Malam. Babu abin da ban ji ba, har da zancen matar da ke kan gwiwa."

Za-a-Kira ya kai hannu ga fayil ɗinsa. Ya fara harhaɗa abin da zai gaya wa matarsa.

"Maganar sito kuwa, Baba bai yi ƙarya ba, na ba ɗan ƙanwata tun makon jiya." Manajan ya jingina da kujera yana ƙare masa kallo, tun daga wuyan rigar har baƙon maɓallin. "Amma yanzun nan wani gurbi ya samu. Dattijon da ka kora ma'aikacinmu ne, shekara da shekaru muna biyansa ya rage mana layi. Gobe ka zo da wannan rigar, kuma ka taho da matashinka."