Lahadin da Afiniki Ta Tsaya Ita Kaɗai

Jirgin ƙasan Kaduna ya tsaya a tashar Kafanchan, Malam Silvanus ya sauko yana ɗingishi, takalman gudunsa rataye a wuya. Afiniki, wadda zai aura, tana jiransa a ƙarƙashin rumfa. Ko hannu ba ta ɗaga masa ba.

"Ka ci tseren?" ta tambaya.

"Ban ci ba, amma na gama." Ya yi ɗan murmushi. "Tun a gada ƙafata ta fashe. Haka na zagaye garin. Da na iso, har ana kwashe kujeru."

Ta daɗe tana kallon yatsunsa, inda jini ya bushe.

"Jiya Fasto ya yi shelar aurenmu a coci, lokacin sujada," ta ce a hankali. "Ya ce mu miƙe ikkilisiya ta gan mu. Na miƙe. Ya sake kiran sunanka. Sai wani a baya ya ce ka tafi gudu Kaduna, ran Lahadi. Baba yana layin dattawa, Malam. Har aka tashi bai ɗaga kai ba."

"Na ɗauka za a ɗaga zuwa wani sati."

"Ka sani sarai. Zaɓa ka yi."

Ta kwance ɗankwalinta, ta durƙusa, ta fara naɗe masa ƙafar.

"Baba ya ce kada a sake yin shelar."

"Ke fa, Afiniki? Me kika ce?"

Ta ja ƙullin ya ɗauru tam, sannan ta miƙe.

"Ni ce na roƙe shi ya hana."